Fim Ɗin da Na Kunna a Tsakar Gida

Tun ina aji huɗu a firamare nake kallon fina-finan ban tsoro, kuma har yau da nake da 'ya'ya uku da furfura a gaban goshi ban daina ba. A gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki aka fara. Yayana ne yake shigo da kaset ɗin bidiyo a ɓoye cikin riga, ranar Asabar da hantsi idan Baba ya tafi kasuwa, a rufe tagogi da zannuwa don falon ya yi duhu. Ƙannena sukan gudu tun kafin a gama rubutun farko. Ni kuwa ina nan daram, yatsu a kunne, ido a buɗe. A nan na gano cewa rabin tsoron a kunne yake. Ka kashe sauti, sai fatalwar ta koma wata baiwar Allah da ta sha hoda tana yawo cikin farin zane.

Da na girma na yi aure na kama aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnati, kallon ya koma waya da ƙaramar talabijin. Akwai wani shago a unguwar Barade inda ake tura fina-finai a memori, mai shagon ya san ni har ya san abin da ba na so. Ba na son na yanka da jini, wanda za a kama mutum a daddatsa shi kamar ana rabon naman layya. Wannan ƙyama yake sa ni, ba tsoro ba, kuma mai son ganin haka ya je mahauta da safe. Na fi son wanda ba a nuna maka komai sai can ƙarshe, ko ma a ƙi nunawa gaba ɗaya. Ƙofar da ka san an rufe ta, ga ta a buɗe kaɗan. Yaro yana jin uwarsa tana kiransa daga kicin, alhali uwar tana zaune kusa da shi, ita ma ta ji kiran. Irin wannan shi ne yake bin ka har ofis washegari.

Na Turawa suna ba ni haushi ta wani ɓangaren. Mutum da matarsa da 'ya'yansa su tare a wani ƙaton gida a tsakiyar daji, babu maƙwabci ko ɗaya, murya ta fito daga bango ta ce su fita, maigidan ya ce ai bututun ruwa ne. Sannan ya ɗauki tocila ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai. Wa zai yi haka a garin nan? Mu da ko ɓera ya yi motsi a silin sai an taso maƙwabta. Waɗanda suka fi kama ni su ne na wasu ƙasashen gabas masu nisa, inda za ka ga makara irin tamu da likkafani irin namu, ana salla a sallame a ga an ƙaru da mutum ɗaya a sahu. Ranar da na kalli wani irin wannan, sai da na yi kwana uku ina shimfiɗa sallayata yadda bango zai zama a bayana. Namu na gida kuwa, na Hausa da na kudu, da yawansu dariya suke ba ni. Wuta tana fita daga ido, boka yana dariya mai amsa-kuwwa, aljani ya bayyana da agogo a hannu. Duk da haka ina kallo, don akan dace da mai kyau jefi-jefi.

Maigidana ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, rabin satinsa a kasuwannin shanu yake ƙarewa. Shi ba ya kallo. Yakan ce, "Ke dai da neman wahala. Mutane suna neman a raba su da tsoro, ke kina zuwa har Barade ki ɗauko shi." Ni kuma in ce masa tsoron da na san zai ƙare bayan awa biyu hutu ne a wurina, don sauran abubuwan da ke tsorata ni a rayuwa ba su da lokacin tashi.

Shekarar da abin nan ya faru muna haya a unguwar Majidaɗi, wani gida mai ɗaki da falo guda shida da suka kewaye tsakar gida ɗaya, ga rijiya ga bishiyar mangwaro a tsakiya. Kowa da yarensa da addininsa, Hausa ce ta haɗa mu. Kusa da ƙofata matar wani direban babbar mota ce, mai tagwaye 'yan shekara biyar, mace da namiji. Maman Biyu muke ce mata. Mun shaƙu ƙwarai, tare muke zuwa kasuwa, idan na makara a ofis ita take ɗauko min yara daga makaranta.

A ɗakin ƙarshe kusa da zaure akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mumuye da kowa ke kira Kaka. Ba ta fi wata huɗu da zuwa ba. 'Yarta ce ta ɗauko ta daga ƙauye, ita kuma 'yar sarin doya take yi, tana fita tun da sassafe zuwa kasuwannin wajen Zing, ba ta dawowa sai bayan magariba. Saboda haka Kaka takan yini ita kaɗai a kan 'yar kujera a bakin ƙofa, siririya, kanta a aske fari fat, da wani tsohon littafi mai kauri da ba ta rabuwa da shi. Tana da wata ɗabi'a. Kullum da safe idan yara suna shirin makaranta, sai ta buɗe littafin ta riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amsa ta gyaɗa kai ta yi ɗan rubutu. Mukan yi dariya mu ce tsufa ne. Ina gaishe ta, wani lokaci in aika mata da abinci. Iyakar sanin da na yi mata ke nan.

Wata Asabar cikin damina, ruwa ya ɗauke da la'asar, ga wuta an kawo, matan gidan muna zaune ƙarƙashin mangwaro ana tsifa da kitso. Maman Biyu ta ce, "Anti, wai abin nan da kike kallo kina ihu ke kaɗai a ɗaki, ki fito mana da shi mu gani mana."

Na ji daɗi, don duk mai son abu yana son a taya shi so. Na fito da talabijin na ɗora a kan tebur a baranda, na zaɓi wani fim na kudu da aka fassara da Hausa don kowa ya fahimta. Ni kaina ban kalle shi ba kafin ranar. Yara suka jeru a tabarma a gaba, ban kore su ba. Wannan kuskure nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Labarin wata tsohuwa ne da aka kawo daga ƙauye gidan ɗanta a birni. Mayya ce. Takan kira sunan yaro, idan ya amsa ta kama kurwarsa, ya kwanta ciwo. A ƙarshe aka gano ta, ta yi ta birgima a ƙasa tana tona wa kanta asiri, unguwa ta taru a kanta da duwatsu, aka sa kiɗan murna. Fim ɗin ko kyau bai yi ba. Ana ganin inda gashin ƙarya ya ɗage a goshin tsohuwar, mai fassarar kuma sai zuba barkwanci yake a inda bai dace ba. Ina ta nuna musu waɗannan ina dariya. Sai can na lura ni kaɗai nake dariyar. Ni da Kaka, wadda take hango talabijin daga kujerarta, tana tafa hannu duk lokacin da ta ga yara a fim ɗin. Da aka gama, wata daga cikin matan ta juya ta kalli ƙofar Kaka, ta kalli Maman Biyu. Kowa ta kwashi 'ya'yanta ta shige.

Ranar Litinin da safe Kaka ta buɗe littafinta ta fara kira. Shiru. An riga an ja wa yara kunne. Ta maimaita, ta ɗaga murya. Namijin tagwayen nan ne kawai ya manta, yana ɗaura takalmi ya amsa da ƙarfi kamar yadda ya saba. Na ji ƙarar marin da uwarsa ta yi masa daga ɗakina. Na so in fita in yi magana, amma na makara, na ce a raina abin zai wuce.

Ranar Alhamis yaron ya tashi da zazzaɓi. Ranar Juma'a da na dawo daga ofis wajen ƙarfe ɗaya, tun daga bakin layi na hango samari sun cika ƙofar gidanmu. Na kutsa ta zaure da ƙyar. Maman Biyu tana tsaye a gaban Kaka, ɗankwali ya faɗi, tana ihu tana cewa, "Ki sake min ɗa! Me na yi miki? Ki sake min ɗa!" Yaron ya yi jijjiga da hantsi, idonsa ya kakkafe, yanzu yana ɗaki a kwance jiki kamar garwashi. Wata mata tana cewa a tuɓe tsohuwar a sa ta tsallake shi, haka ake yi, kurwarsa za ta dawo. Wani saurayi da ban taɓa gani ba yana riƙe da guntun bulo. Kaka kuwa tana zaune tana kallon wannan tana kallon wancan, hannuwanta suna lalube a cinyarta, tana ta cewa, "Ina littafi na? Wa ya ɗauka littafi na?"

Littafin yana hannun matar da ta ce a tuɓe ta. Da ta gan ni ta miƙo min. "Anti, ke mai boko ce, duba da idonki. Har naki suna ciki."

Na karɓa. Ga sunayen 'ya'yana uku a jere da kyakkyawan rubutu, ga na sauran yaran gidan, kowane da alamomi a gabansa. A gaban sunan yaron da ke kwance akwai wasu 'yan da'ira, biyu daga ciki sun fi fitowa. Ba zan yi ƙarya ba, na tsorata. Na ɗago na kalli tsohuwar nan, sai na ga fuskarta ta sauya min, na ga haƙoranta sun yi tsawo, na ga idonta ya yi ja. Duk shekarun da na yi ina kallon fim ina cewa na san dabarunsu, ga shi dabarar ta kama ni a tsakar gidana da rana tsaka.

Abin da ya cece ni shi ne aikina. Shekara da shekaru ina buga takardu, idona ya saba da layi da shafi. Na sake duban littafin. An ja layuka da abin ja-layi, a saman kowane layi an rubuta ranakun mako, Litinin zuwa Juma'a, babu Asabar babu Lahadi. Na buɗa baya. Shafukan farko sun yi ja don tsufa, sunayen wasu yara ne da ban sani ba, sama da arba'in, a sama an rubuta aji uku, ga hatimin wata makarantar firamare ya kusa gogewa. Rajista ce. Karan da ta ja a gaban suna na wanda ya zo ne, da'ira kuma ta wanda bai zo ba. Tun Litinin yaran gidan duk da'ira suke samu saboda sun daina amsawa. Shi yaron yana da kara ɗaya na Litinin, sannan da'irar Alhamis da ta Juma'a suka fi fitowa don ta danna biro, ranakun da bai ko fito tsakar gida ba.

Na ce, "Wannan rajistar makaranta ce. Matar nan malama ce."

Ba wanda ya saurare ni. Sai na daina bayani. Na cusa littafin a jakata, na kama hannun Kaka na ɗaga ta, ba ta fi nauyin 'yata ta fari ba. Na ja ta zuwa ɗakina, na tura ta ciki wurin yarana, na kulle da makulli na tsaya a bakin ƙofar. Na ce wa mai bulon, "Kai, ɗan gidan wa ne? Ajiye abin nan kafin in kira sunan ubanka a gaban hukuma." Ban san ubansa ba, amma ya ajiye. Na buga wa maigidana waya, yana can kasuwar shanu, ya ce in tsaya inda nake zai kira mai unguwa. Kafin minti ashirin mai unguwa ya iso daga masallaci da dattawa biyu, ya kori samarin, ya sa aka kawo masa benci ya zauna a zaure ya ce ba zai tashi ba sai 'yar tsohuwar ta dawo.

Sannan na juya wurin Maman Biyu. Na ce, "Ɗanki yana ɗaki yana ƙonewa, ke kina nan kina faɗa da tsohuwa. Ɗauko shi mu tafi asibiti."

Ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, Anti."

Na ce, "To mu je su faɗa mana haka da bakinsu."

Na shiga ɗakinta ba tare da ta ce in shiga ba, na saɓi yaron a kafaɗa na yi waje. Dole ta biyo ni. A cikin keke mai ƙafa uku tana riƙe da ƙafarsa tana addu'a. Aka ɗebi jininsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, da an ƙara yini ɗaya da labari ya sha bamban. Aka sa masa ruwa da allurai. Kwana uku ya tashi yana neman shayi da burodi. Na zaci magana ta ƙare. Muna zaune a bakin gadonsa na ce mata, "Kin gani ko? Sauro ne." Ta kalle ni ta ce, "To shi sauron wa ya aiko shi?"

A yammacin Juma'ar nan da 'yar Kaka ta dawo, ta zauna a falona ta yi kuka har ta gode Allah. Ta ce uwarta ta yi sama da shekara talatin tana koyarwa a firamare. Shekara biyu ke nan da ta fara mantuwa, ta manta an ci abinci, ta manta mijinta ya rasu, wani lokaci ita kanta 'yar sai ta tambaye ta ko 'yar wane aji ce. Ba ta gaya wa kowa a gidan ba don tana tsoron a ce uwarta mahaukaciya ce. Ta ce gobe da asuba za ta mayar da ita ƙauye.

Na ce, "Idan kika tafi da ita gobe, kin sa hannu a kan abin da suka faɗa. Kuma sunan ba ita kaɗai zai bi ba, har ke, har 'ya'yan da za ki haifa. Ki ba ni sati biyu."

Ta ce, "Anti, me za ki iya yi?"

Ban sani ba a lokacin. Abin da na sani shi ne ni na fito da talabijin ɗin nan.

Na fara da bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da rajistar, ina nuna wa kowace mace hatimin makarantar da ranakun mako. Wata ta saurara, wata ta ce tana da aiki a wuta. Na ɗauki hutun yini ɗaya muka kai Kaka wurin likita ni da 'yarta. Ya yi mata tambayoyi, ta faɗa masa sunan hedimastanta na farko da sunan ƙauyensa, amma ta kasa faɗin abin da ta karya da shi. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa, yana cinye na kusa ya bar na nesa, ba ya warkewa amma ana lallaɓa shi. Na roƙe shi ya rubuta a takarda, na kai wa mai unguwa ya karanta wa mazan gidan.

Sannan na shiga neman ɗalibanta. Duk lokacin tashi shan iska sai in bi ofis-ofis a sakatariya ina tambayar ko akwai wanda ya yi firamare a makarantar da ke jikin hatimin. Wasu suka ɗauka aiki aka ba ni. A rana ta huɗu aka nuna min wani mutum a ma'aikatar gona, Bafulatani mai kimanin shekara hamsin, babban ma'aikaci. Da na kwatanta masa ita, ya ajiye biro ya ce, "Tana da rai?" Da na gaya masa abin da ya faru, sai ya ce in ba shi kwatancen gidan.

Ranar Lahadi da la'asar ya zo cikin babbar riga, lokacin kowa yana tsakar gida. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa a gaban kujerarta ya gaishe ta da Fulatanci ya ce, "Malama, jam na? Kin gane ni?"

Ba ta gane shi ba. Ta kama hannunsa ta juya, ta duba faratansa ɗaya bayan ɗaya. Hausar Kaka irin ta mutanen garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Ke, ba ka yanke farce ba. Kuma ka zo latti. Je ka yi nil-dawun a can."

Mutumin nan ya tashi da babbar rigarsa ya je gindin mangwaro ya dasa gwiwoyinsa a ƙasa, yana dariya hawaye yana zuba. Yara suka fashe da dariya, wasu matan ma suka kasa riƙewa. Daga inda yake ya ba mu labari. Ya ce yana aji uku mahaifinsa ya cire shi daga makaranta ya mayar da shi kiwo. Matar nan ta taka da ƙafa har rugarsu sau uku, na ukun cikin ruwan sama, ta zauna a ƙofar bukkar mahaifinsa ta ce ba za ta tashi ba sai an ba ta ɗalibinta. Ya ce, "Duk wanda ya ɗaga mata hannu a gidan nan, ni ya ɗaga wa." Bayan nan yakan aiko mata da kindirmo da man shanu, wani lokaci ya zo da kansa.

Washegari da safe na tsayar da 'ya'yana uku a gaban Kaka da kayan makarantarsu. Ta kira, suka amsa. Ƙaramar tawa da ƙyar ta amsa, tana ɓoye a bayan zanena, don tun ranar fim ɗin ba ta yarda ta bi ta ƙofar Kaka. Wannan ya sa na nemo wani fim na barkwanci da matar da ta fito a mayyar ta yi, inda take sayar da tattasai tana faɗa da kwastoma. Na kunna wa yaran gidan fina-finan biyu a jere, ina tsayarwa ina nuna musu. Ga ta nan, ga ta can, mutum ɗaya ce, aikinta ke nan, idan an tashi ta wanke fuska ta hau mota ta tafi gida wurin jikokinta. Kafin ƙarshen wata yaran ɗakuna uku sun koma amsa rajista.

Tagwaye ba su koma ba. Maman Biyu ta daina ɗauko min yara, ta daina shiga ɗakina. Wata rana a bakin rijiya ta ce min, "Anti, abin da ya ba ni mamaki, ke da kike kallon abubuwan nan kullum, ke ce za ki ce babu su?"

Na ce, "Ban ce babu ba. Na yarda da aljanu kamar yadda addinina ya faɗa, kuma akwai abubuwa da yawa a duniya da ban san kansu ba. Cewa na yi wannan tsohuwar ba ta yi wa ɗanki komai ba."

Ta ja guganta ta tafi. Har muka bar gidan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na yi kewarta, don ta yi min alheri mai yawa, kuma na san tsoron rasa ɗa ne ya sa ta yi abin da ta yi. Amma ban janye maganata ba ko sau ɗaya.

Tun daga lokacin na ƙara abu ɗaya a kan waɗanda ba na so. Na koma shagon Barade na ce wa mai shagon kada ya sake tura min fim ɗin da mugun cikinsa tsohuwar ƙauye ce, ko mai taɓin hankali, ko zabiya, ko matar da ba ta haihu ba. Ya ce, "Hajiya, ai su aka fi nema." Na ce na sani. A ganina ragwanci ne kawai. Mai shirya fim ya rasa yadda zai tsorata mutane, sai ya ɗauko wanda dama ake yi wa kallon banza a unguwa, wanda ba shi da mai tsaya masa, ya shafa masa baƙi a ido. Fim ɗin ban tsoro mai kyau yana tsorata ka da abin da ba za ka iya fita ka jefa da dutse ba. Ka gama kallo ka duba bayan ƙofa, ka yi addu'a, ka yi wa kanka dariya. Wanda zai sa ka gama kallo ka juya ka kalli maƙwabciyarka, wannan ba ya shiga gidana. Sauran kuwa ina kallo har gobe, yanzu ma tare da 'yata ta fari, wadda ta fi ni taurin zuciya.

Kaka ta ƙara wata takwas a gidan. Ciwon ya yi ta gaba. Wata rana ta fita da hantsi ba wanda ya gani, sai can wajen gadar Mayo Gwoi wani mai keke ya tsince ta tana tambayar hanyar makaranta, ya yi ta yawo da ita har aka gane gidan. Bayan wannan 'yarta ta yanke shawarar mayar da ita ƙauye, inda akwai 'yan'uwa a gida yini guda. Wannan karon ban hana ba.

Ranar tafiyar aka kawo motar da 'yar take ɗaukar doya da ita, aka ɗora katifa da kujerar da buhun kaya a baya, aka zaunar da Kaka a gaba. Mata uku suka fito rakiya, mai unguwa ma ya leƙo. Na sunkuya ta taga na ce mata, "Malama, Allah ya kiyaye hanya." Ta dube ni sosai, ina jin ta ɗauka ni ma malama ce a makarantar. Ta ce, "Ka gaya wa hedimasta na ɗauki hutu. Ki riƙe min aji na, kar su yi surutu." Na ce to. Direba ya tayar da mota, ni kuma na koma ciki na ɗauki jakata, don na riga na makara ofis.